Kawunan Laka Uku a Buhun Dusa

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da wani tsoho ya yi mini tambaya na kasa amsawa ba, ni da tambayar mutane ce sana'ata. Amma bari in faro daga Jibiya, don ku sababbin ɗauka a aikin kwastan ku gane.

Lokacin ina sufeton kwastan, ni ke duba motocin da ke fita zuwa Maraɗi. Wata ranar kasuwa, rana kamar ta fasa kai, Isuhu ya tsaya da akori-kurarsa. Direba ne ɗan Maraɗi, mun saba. Na soka ƙarfe a wani buhun dusa, sai na ji ƙwas! Muka kwance. Kawunan mutum-mutumi ne guda uku na gasasshiyar laka, har da ƙasa a kunnuwansu.

"Isuhu, mene ne wannan?"

"Ranka shi daɗe, saƙo anka ba ni. Wai cikin gona anka tono su."

Doka a fili take: kayan tarihi ba sa fita sai da takardar izini. In babu, ka riƙe kayan, ka rubuta rahoto, ka kai wa oga. Na san haka sarai. Amma na ce a raina, gumaka ne fa, in sun bar ƙasar ma an rage mana shirka. Ko sisi ban karɓa ba, Allah ne shaida. Na ce, "Ɗaure tarkacenka ka wuce."

Bayan shekara biyu aka tura mu kwas Indiya, a kan fasa-ƙwaurin kayan tarihi. Ni kam zuciyata na wajen tsaraba. A makon ƙarshe aka kai mu wani ƙauye a kan tsauni, mu ga tsohon ɗakin bautar rana na Hindu. Kai, hawa! Matakalar dutse ba iyaka, ga sanyi, gwiwoyina na kuka. Ina haki ina cewa, yanzu don Allah ni Bakatsine me ya kawo ni nan?

Ginin na baƙin dutse ne, da ƙananan ɗakuna kewaye da shi. Ya fuskanci gabas, yadda hasken farko na safiya zai shiga ta ƙofa ya sauka a kan gunkin. Na toge a bakin ƙofa, na ce ba zan shiga ba. Ba wanda ya matsa mini. Daga nan na leƙa, sai na ga ba komai ciki, dandamali ne kawai. Wani tsoho siriri, mai kula da wurin, yana goge shi da tsumma.

Tafintanmu ya ce an sace gunkin tun tsohon yana saurayi, lokacin mahaifinsa ke riƙe da makulli. Baƙin cikin ne ya yi ajalin uban. Shi kuma kullum sai ya goge gurbin, don kada a dawo da gunkin a tarar da ƙura.

Tsohon ya fito ya tambayi aikina. Da aka faɗa masa, sai ya kama hannuna da hannu biyu.

"Ya ce ashe kai mai tsaron ƙofa ne," in ji tafinta. "Wai ka taɓa ganin gumaka irin wannan sun bi ta ƙofarka?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Na taɓa, Baba. Guda uku. Na bar su sun wuce."

Bai ɓata rai ba. Sai ya yi magana a hankali.

"Ya ce, na su wane ne?"

Wallahi kunya ta rufe ni. Ban tambayi Isuhu ko sunan ƙauyen da aka tono su ba. Ni ba na bautar rana, Allah ya tsare ni, amma na san fuskar wanda aka yi wa sata, kuma ita ce a gabana.

Da na dawo na nemi Isuhu. Ya sosa ƙeya ya ce ya manta wanda ya ba shi, kayan kuma a tasha ya sauke su.

To, ku ji da kyau. Ba a ajiye ku a ƙofar nan don ku zaɓi abin da ya cancanci tsaro ba. Kome kuka tarar cikin buhu, ko kun raina shi, ku tambayi na su wane ne kafin ku ɗaga sandar shinge. Ni na ɗaga ban tambaya ba, kuma yau shekarata bakwai da ritaya ban samo wa tsohon nan amsa ba.