Yaya Asabe da bas ɗin Flumstead

Shekara shida ke nan da muka kai Yaya Asabe makwancinta, amma har yau in bas ya tsaya kusa da gidanmu a unguwar Thamesmead, nan London, ita nake tunawa.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana koyarwa a makarantar yara masu buƙata ta musamman. Ɗana Sadiƙ kuwa da Down syndrome aka haife shi, larurar da ke jinkirta koyo. Ya kai shekara goma bai san baƙi ko ɗaya ba. Abin da ke damuna ɗaya ne: ranar da babu ni babu uwarsa, wa zai nuna masa bas ɗin gida? Na taɓa gaya mata likita ya ce kada mu sa rai da karatu. Ta harare ni ta ce, "Kai da likitan naka. Sannu ba ta hana zuwa."

Ba ta zaunar da shi kan littafi ba. Duk Asabar sai ta ja hannunsa zuwa tasha, ko ana ruwa, su tsaya suna kallon rubutun da ke goshin motoci. Harafi ɗaya yakan ci musu makonni. In ya manta ta koma farko, ko tsaki ba ta yi. Ni ubansa, wallahi da tuni na gaji.

Sai dai Yaya Bakanuwa ce, zaman London bai raba mata p da f ba. Ranar da Sadiƙ ya fara haɗa kalma, bas ɗin Plumstead ne ya taho, ya ɗaga murya ya ce "Flumstead". Ta rungume shi tana hawaye, ita ba ta ji kuskure ba. Malamansa sun yi ta gyara har suka haƙura. Ni dai ban taɓa gyara masa ba, daɗin jin sa nake yi.

Yanzu waya ke karanta wa mutane komai. Da tana nan na san abin da za ta ce: "In caji ya ƙare fa?" Sadiƙ ya zama saurayi, shi kaɗai yake zuwa wurin aikinsa ya dawo.

Watan jiya muka je maƙabarta. An ƙara layuka da yawa, na rikice na kasa gane kabarinta. Sadiƙ ya yi gaba, yana bin allunan sunayen mamata da yatsa yana motsa baki. Can ya tsaya ya ce, "Baba, ga Gwaggo."

Yaya ba ta haihu ba, amma ta bar mai nemo ta. Allah ya jiƙan ta.