Gadon Ƙarfe a Saman Bene

A duk layin babu mai kiransa da sunan yanka. Baba Ƙarko ake ce masa, yaro da babba, shi kuma bai taɓa nuna ya ji haushi ba. In ma ka lura, har wani gyara zaman hula yake yi idan an kira shi haka.

Ƙuruciyarsa a masaƙa ta ƙare, a sashen duba yadi. Yadi yana gudana a gabansa kan wani dogon tebur mai fitila a ƙasa, shi kuma yana tsaye da alli a hannu. Inda zare ya tsinke, ko rini ya yi dabbare-dabbare, sai ya ja layi. Masaƙar ta daɗe da rufewa, ciyawa ta cinye harabar, amma idon Baba bai yi ritaya ba. Da shi yake shiga kasuwa.

Raka shi sayayya kuwa sai wanda ya karya kumallo da kyau. In yadi ne, sai ya ɗaga shi sama ya leƙi rana ta cikinsa, sannan ya jiƙa gefen farin hankicinsa ya murza a jiki ya ga ko rini zai biyo. In riga ce ɗinkakkiya, bai damu da gabanta ba, juya ta yake yi ya bi ɗinkin ciki da farce, ya ja maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Tukunya yakan ƙwanƙwasa ta da makulli ya kara kunne. Wadda ta yi ƙara siririya sai ya ajiye ta a hankali kamar marar lafiya. Takalmi kuwa ya lanƙwasa shi biyu, in ya ga gam ne ya riƙe shi ba zare ba, ko tayi ba ya yi. Wani mai shago ya taɓa ce masa, "Baba, saya za ka yi ko tiyata?" Ya ce, "In ya rayu bayan tiyatar sai in saya."

Kuma a faɗi gaskiya, abin da ya zaɓa ba ya mutuwa. 'Yarsa tilo, wadda yanzu take koyarwa a wata makaranta, har gobe tana ba da labarin jakar littattafanta. Da ita ta shiga aji ɗaya, da ita ta gama. Ta ja ta a ƙasa, ta bar ta cikin ruwan sama da gangan don a saya mata mai hoton fure irin ta ƙawayenta, jakar nan ta ƙi ko da tsagewa. Matarsa, da kowa yake ce wa Umma, zannuwanta duk masu duhu ne, daga ruwan ƙasa sai shuɗi mai turuwa, saboda Baba ya ce launi mai haske shi yake fara koɗewa. Ba ta taɓa musu ba. In ta ga mai haske a jikin wata sai ta ce, "Ya yi miki kyau," ta kama wata hirar.

Babban aikinsa dai shi ne gadon. Lokacin da suka kama haya a gidan nan mai hawa uku, shi ya zaɓi can saman: babu laima, babu ambaliya, babu mai daka a kanka. A lokacin ƙafafunsu garau suke, a guje suke hawa. Ya zaga kasuwa neman gado, duk wanda ya gani da noti aka ɗaure shi, shi kuwa bai yarda da noti ba. Ya ce duk abin da aka murɗa aka ɗaure, wata rana zai saki ya dinga damun mutum da ƙara. Sai ya sayi bututun ƙarfe mai kauri, ya ɗauko mai walda da injinsa, aka hau da komai sama, aka haɗa gadon a tsakiyar ɗakin, aka liƙe kowace gaɓa da wuta. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo. A kansa aka yi renon 'yar, a kansa ta yi tsalle-tsallenta, bai taɓa ko motsi ba.

Abu ɗaya da Baba bai ƙwanƙwasa ya saurara ba shi ne gwiwar Umma.

Da ciwon ya fara, tana sauka tana hutawa a kowane hawa. Sai ya zama sai da dalili mai ƙarfi, asibiti ko gaisuwar rasuwa. Daga baya gaisuwar ma ta koma ta waya. Ranar asibiti sai an nemo maza biyu sun ɗauke ta a kujera, tana rufe fuska da mayafi don kunya. Duniyarta ta dawo bakin taga. Ta nan take zura bokiti da igiya, mai kayan miya ya zuba mata abin da ya ga dama, ta nan take gaisawa da matan layin, su ɗaga kai ita ta sunkuyo, har wuya ya gaji kowa ya yi sallama. Wanda ya haihu, wanda ya yi baƙi, waɗanda suka yi faɗa, duk daga sama take ganinsu, tsakiyar kai kawai.

Ana nan sai aka yi wa ma'aikaciyar jinyar da take ɗakunan ƙasa canjin wurin aiki. Mai gidan hayan ya hau da kansa, yana haki, ya ce wa Baba, "Ku dawo ƙasa, saboda baiwar Allah nan. Zan riƙe muku zuwa ƙarshen wata. Bayan nan akwai masu jira, ba ni da bakin ba su haƙuri."

A ranar Umma ta fara naɗe zannuwanta tana ƙullewa.

Baba ya ɗauko tef. Ya auna gado, ya auna ƙofa. Ya gwada lissafin a tsaye, ya gwada a karkace. Ya auna taga, ya fita ya auna kwanar matakala. Ya dawo ya sake auna ƙofar, kamar ko ta ƙara faɗi a bayan idonsa.

Mai waldar nan yana raye, ya tsufa shi ma, shagonsa yana bakin titi. Da aka kira shi ya hau, ya zauna a bakin gadon har numfashinsa ya dawo, sannan ya bubbuga ƙarfen da tafin hannu.

"Aikina ne wannan," ya ce. "Da can hannuna yana da kyau."

"Idona dai," in ji Baba. "Kai ba wuta kawai ka riƙe ba?"

"To mai ido, ina ka ajiye idon ranar da na ce maka ƙofar nan ba za ta fitar da shi ba?"

"Ba ka faɗa ba."

"Na faɗa. Ka ce ai ba fita za ka yi ba." Ya nuna da yatsa. "Nan da nan zan yanka, ya rabu uku. Mu sauke, in liƙe maka a ƙasa, in shafa fenti. Ko kai ba za ka gane wurin ba."

"Zan gane."

"To ka gane mana. Kwanciya za ka yi a kai ko kallonsa?"

"Ƙarfen da aka yanka aka liƙe ba ya komawa yadda yake. Daga nan tsatsa take shiga."

Mai walda ya juya wajen Umma, tana zaune a kujerarta ta bakin taga. "Uwar gida, Allah ya ba ki ladan zama da wannan."

"Amin," ta ce. "Amma rage murya, yana ji."

Daga nan Baba ya shiga neman dabara. Ya je wa mai gidan da shawarar a fasa gefen taga a sauke gadon da igiya. Mai gidan ya ce ginin ma da addu'a yake tsaye. Ya cire ƙyauren ƙofa ya sake aunawa, abin da ya ƙaru bai kai faɗin yatsa biyu ba, ya mayar. Ranar hutun ƙarshen mako 'yar ta zo ta tasa shi gaba zuwa kasuwa, a sayi sabo a bar tsohon ga wanda zai gaje ɗakin. Baba ya zauna a kan kowane gado ya girgiza jiki. Wannan garin katako ne aka matse da gam. Wancan ƙarfensa kamar gwangwanin madara. Wancan kuma fenti ne ya rufa masa asiri.

A ƙofar shagon ƙarshe haƙurin 'yar ya ƙare.

"Baba, mutum biyu ne fa za su kwanta a kai, ba tirela za ta bi ba."

"Ba zai je ko'ina ba. Ki dubi ƙafarsa."

"To ya karye. Ya karye a ƙasa, Umma tana zaune a ƙofar gida tana hira da mutane. Sai mu sake wani."

Mu sake wani. Shi da bai taɓa sayen abu ɗaya sau biyu ba a rayuwarsa.

Kada ka ɗauka bai san abin da yake yi ba. Ya sani sarai. Yana ganin ƙullin zannuwan a kusurwar ɗaki, yana ganin yadda Umma take leƙa ƙofar ɗakunan ƙasa duk safiya ta tabbata har yanzu da kwaɗo. Kullum yakan ce yau zai kira mai walda a gama. Ya sa takalmi, ya kai bakin ƙofa, ya waiwaya ya ga gadon, sai wata sabuwar dabara ta faɗo masa, ya cire takalmin ya ɗauko tef. Bai gina gida ba, bai tara abin a zo a gani ba, masaƙar da ya ba ƙarfinsa ta zama kango. Gadon nan ne kaɗai abin da ya tsara da kansa tun daga tushe, ya fito babu aibi. In ya tuna haƙorin inji a jikin gadon, sai ya ji kamar a ƙashinsa ne.

Wata safiya Umma tana shafa man zafi a gwiwa, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, da ka ƙwanƙwasa ni lokacin da ka je nemana, da ka ji ba ni da ƙarko."

"Wace irin magana ce wannan da sassafe?"

"Ba faɗa nake yi ba. Kayanka duk sun fi ni lafiya. Su za su iya jira, ni ce ba zan iya ba. So nake in zaɓi tumatir da hannuna, ko da ruɓaɓɓe zan zaɓo."

Wannan karon da ya kai bakin ƙofa bai waiwaya ba. Wata ya riga ya ƙare har sabo ya ɗan yi kwanaki, amma a ransa mai gidan ba zai yi masa haka ba, shekara da shekaru ana tare. Ya sami mai walda yana shan shayi, ya ce, "Tashi, ɗauko abin yankan." Mai walda ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskarsa, ya rufe.

Suna shawo kwanar layin suka tarar da ƙaramar motar kaya a ƙofar gida. Ɗakunan ƙasa a buɗe, wani saurayi da matarsa suna shigar da kujerun roba, da katifa, da wani gado a kwakkwance, notinansa a cikin leda. Mutum ɗaya ne ya ɗauki duka katakon a kafaɗa. Mai gidan yana tsaye a gefe, ya ga Baba, ya kawar da kai, sannan ya daure ya matso.

"Na jira, Baba. Allah ya sani na jira. Har na ƙara muku kwana."

Baba ya gyaɗa kai. Saurayin ya gaishe shi da ladabi, ya amsa.

"Mu koma ke nan?" in ji mai walda a hankali.

Baba ya kama hawa. Mai walda ya tsaya jim, sannan ya bi shi da injin a hannu, suna hutawa a kowane hawa.

Umma tana bakin taga. Baba ya tsaya a ƙofa ya ce, "Mai gidan ya..."

"Na gani," ta ce. "Tun suna sauke katifa."

Ƙarar guduma tana tasowa daga ƙasa. Mai walda ya gyara riƙon injinsa yana neman hanyar sallama. Umma ta juyo ta dube shi.

"Tunda ka sha wahalar hawowa, kada ka sauka haka nan. Rage mini ƙafafun gadon. Hawansa ma ya zame mini wani benen."

Baba ya dubi gadon, ya dube ta. Bai taɓa lura cewa sai ta dafa bango ta yi addu'a kafin ta hau ba, ko kuma ya lura ya mayar da abin laifin gwiwa.

"Kamar yaya zan rage?" mai walda ya tambaya, ita yake kallo.

Baba ne ya durƙusa a gabanta, ya auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwarta da hannu, ya je ya ɗora hannun a ƙafar gadon. "Nan," ya ce. Da kansa ya janye katifa, suka kifa gadon da ƙyar, ya riƙe ƙafar farko da hannu biyu. Da injin ya kama ƙarfen, tartsatsi ya watsu a ɗakin, bai saki ba, bai kuma kalla ba.

Da aka gama, aka mayar da katifa, mai walda ya tattara guntayen ya sauka da su. Umma ta zauna a bakin gadon ta miƙe, ta sake zama ta miƙe, ba ta dafa komai ba.

"Ya yi," ta ce. Ta koma kujerarta ta bakin taga. "Malam, kwance mini ƙullin nan ka mayar da zannuwan cikin kabad, kada su yamutse."