Irin Gyaɗar Baffa

Shekarar da aka damƙa mini motar ofis, a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu, kaina ya kumbura har hula ta daina shiga. Ina malamin gona a Gaya, wata uku da iya tuƙi, amma in ka ji ni a majalisa sai ka rantse a cikin mota aka yanke mini cibiya.

Ruwan shuka ya sauka ran Laraba. Washegari Baffa, yayan mahaifina, ya ce in kai shi gonarsa ta bayan Kademi da irin gyaɗarsa, buhu biyu, ɓararriya. Iri ne da ya gada wurin kakanmu. Kowace kaka da hannunsa yake tsince shi, ko yunwa ake ba a taɓawa. Baffa kuwa ya daɗe yana jan babbar mota kafin ciwon ido ya sauke shi.

Kafin gonar akwai kwarin da ruwa ya zaizaye, gangarensa a tsaye, rafi na gudu a ƙasa. Muna isa bakinsa ya ce, "Tsaya, ɗana. Sauka ka taka shi da ƙafa tukuna. In ka dawo ka sa giyar taimako, lamba ɗaya, ka ɗauke ƙafa daga kuloci. Inji ne zai riƙe ta."

Akwai manoma a ƙetare suna kallonmu, ga ni da sabon takalmi. Na ce, "Haba Baffa, wannan ba irin akwalarku ta da ba ce."

Ya dai kama ƙarfen ƙofa.

Na sa kai a lamba biyu. Da motar ta fara gudu sai na danne kuloci da burki tare. Tayoyi suka ƙame, laka ta kwashe mu, bayan motar ya juya ya daki gaɓa. Ban ɗaure buhunan ba. Ɗaya ya faɗa rafi ruwa ya tafi da shi, ɗaya ya fashe a jikin kututture, gyaɗa ta watse cikin taɓo.

Manoman suka rugo suna salati, suna tambayar yadda aka yi. Kafin in buɗe baki Baffa ya ce, "Ni na ce masa ya gangara. Idon nan ya gaza." Suka yi ta jajantawa, wani har yana cewa tsufa ke nan. Ni kuwa ina tsaye ina goge takalmi da ciyawa. Wannan shirun nawa ya fi ɓarin irin ci mini rai, har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Ya durƙusa cikin laka yana lalube, yana zubawa a hularsa. Abin da muka tsinto bai kai tiya ba. Na ce zan sayo masa wani a kasuwar Ajingi. Ya ce, "Bar shi, na kasuwa ba namu ba ne." Kunya huɗu ya shuka, sauran gonar ya sa wake.

Da kaka ya zo gidana da kansa, ya miƙo mini ƙulli. "Rabin irin ne. Ajiye a wurinka, ba lallai in ga wata damina ba."

Na miƙa hannu biyu, na kasa ɗaga ido. Bai saki nan take ba. Sai da ya laluba bakin ƙullin, ya ƙara masa ɗauri.