Akwatin Kifin Lado Kafinta

A Rano, in aka ambaci Lado kafinta, ƙofa da benci ne ke faɗo wa mutum a rai. Gajere ne mai tumbi, kullum da fensir a bayan kunne, har masallacin Juma'a. A wurin kawunsa ya koyi sana'ar, kuma aikinsa ba laifi, illa dai duk ƙofar da ya yi sai an ɗan tallafe ta da ƙafa kafin ta rufu. Mutanen gari sun saba.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, ciwon haƙori ya kai shi Kano. A ɗakin jiran likita ya ga wani akwatin gilashi cike da ruwa, kifaye masu launi suna kai-komo a ciki. Ya tsuguna gabansa baki buɗe. Aka yi ta kiran sunansa har aka gaji, layi ya wuce shi. Ya dawo gida da haƙorinsa da kumburinsa. Da matarsa Saude ta tambayi abin da likita ya ce, sai ya hau ba ta labarin wani kifi mai ruwan ɗorawa.

Lado ya ƙudurta sai ya yi nasa, wanda ya fi na likita. Gilashi mai girman da yake so bai samu ba, don haka ya yi gindi da ɓangare uku da filawud, ya ɗaure su da katako, a gaba kuma ya sa gilashin gaban wata tsohuwar bas da ya samo a garejin amininsa Tajuddeen. Akwatin ya fito dogo, siriri, tsayinsa ya kai ƙirji. Ya girke shi a ƙofar shago. Masu wucewa suka riƙa tambaya cikin ladabi ko wani babba ne ya rasu.

Saura hana yoyo. Da farko ya jiƙa ƙaro ya shafe duk mahaɗar katakon, ya bari ya bushe, ya kira 'yan garuwa. Ruwa ya narkar da ƙaron tas, ya bi ta ƙasa ya shige shagon tela da ke maƙwabtaka. Sai Tajuddeen ya ba shi shawarar kwalta. Lado ya narka ta a rabin ganga, ya shiga akwatin da buroshi yana shafawa, yana ja da baya, har ya kai lungu. Gajiya ta sa ya zauna ya huta. Da ya zo tashi, wando ya ce bai san zancen ba. Sai da aka aika gida Saude ta ba da zane, aka zaro shi ta sama. Wandon yana nan ciki, ya ƙara masa kwalta a kai, yana cewa ai ƙarin kariya ne.

Da kwaltar ta bushe aka sake cikawa. Ya riƙe, sai wani ɗigo guda da ya ƙi nuna mafitarsa. Lado ya ce daga ciki ake gane irin wannan. Ya tuɓe riga ya faɗa, ya toshe hanci ya nutse yana lalube. Gilashin mota kuwa lanƙwasasshe ne, sai ya kumbura masa fuska, idanu suka yi ƙulu-ƙulu, gashin baki na lilo. A lokacin an rufe gidan kallon unguwar, jama'a ba su da abin kallo, nan da nan ƙofar shago ta cika. Bappa, wani makiyayi daga Fammar da ya zo karɓar kujerar matarsa, ya daɗe yana duba, sannan ya tambayi na kusa da shi.

"Wannan a wane kogi aka kamo shi?"

Tun daga ranar ake ce masa Lado Tarwaɗa. Ya dai gano ramin, ƙusa ce ta leƙo, ya liƙe.

Ya wanke akwatin sau da yawa har warin kwalta ya tafi, sannan ya hau babur zuwa wurin masunta a Tiga. Mai ruwan ɗorawa babu. Ya dawo da ƙananan karfasa cikin bokiti, da 'yar tarwaɗa guda da aka ba shi gyara. Ya ajiye benci biyu, dattawa suka riƙa zama bayan la'asar suna kallo, suna gardamar wane kifi ne ya fi wayo. Lokacin zaɓe ma sai da 'yan siyasa suka manne gefen akwatin da hotunansu.

Sai karfasa suka fara raguwa. Lado ya zargi kyanwar tela, har suka yi kwanaki ba sa gaisawa, tarwaɗa kuwa tana ta ƙiba. Da ta rage ita kaɗai ya je ya ba tela haƙuri.

Tarwaɗar ta yi shekara da shekaru tana cin dusa da hanjin kaji, har tsawonta ya fi faɗin akwatin, juyawa ta gagare ta. Kowace safiya, kafin ya taɓa zarto, Lado zai naɗe hannun riga ya juya ta ta fuskanci gabas, da yamma ya mai da ta yamma, wai kada wuyanta ya ƙage.

Da 'yarsu Ramlatu ta haihu, baƙi suka yi yawa ranar suna, nama ya kasa. Saude ta same shi a shago, ta tsaya tana kallon akwatin.

"Saude, wannan fa kamar ɗan gida ne," in ji shi.

"Shi ya sa zai taimaka a hidimar gida," ta ce.

Lado ya rantse ba zai ci naman ba, kuma bai ci ba. Ya koma bayan shago ya zauna shi kaɗai yana share ido. Da aka kawo masa romo a kwano, ya ce rantsuwarsa ba ta haɗa da romo ba. Ya shanye, ya aika a gaya wa Saude gishiri ya ɗan yi kaɗan, a ƙaro masa wani.