Ƙanƙarar Sabi'u a Ƙasan Mota

Jama'a, yau na ga sakarci da idona!

Sabi'u, maƙwabcinmu a unguwar Satwa ta Dubai, ya sa wa motarsa sabuwar kwanbata, wato na'urar da ke haɗa inji da giya, don ta riƙa zabura. Makaniki ya ce irinta tana tafasa man giya, dole sai da na'urar sanyaya shi. Sabi'u ya ce da ɗan Larabcinsa, "Khalas, habibi! Shi ke nan, abokina, ina da dabara."

Wai dabara! Buhun ƙanƙara ya ɗaure a ƙasan mota. A zafin Dubai!

Ya ɗauko wani mai son sayen motar don ya gwada masa ita, ni ina baya. Muka maƙale a gosulon unguwar Port Saeed. Ruwa na ɗiga, ƙauri ya cika mota, giya ta ƙi shiga!

Mai sayen ya sauka, ya leƙa ƙasa, ya ce, "Malam, mota kake sayarwa ko kifi?" Ya tare taksi.

Wallahi ni ma na bi shi.