Facin Ƙirjin Kawu

Guntu ake ce masa, don in ya tsayar da tayar babbar mota sai ta kusa kai masa haɓa. Yana da shekara goma sha tara yaƙi ya iso garinsu, lokacin yana faci a rumfar kawunsa, bakin tashar manyan motoci. Karatu kam bai yi nisa ba, amma ba shi tib ɗin taya ya tsoma a bahon ruwa, kafin ka ƙifta ido ya gano inda iska ke fita.

"Da kanka yana ja kamar hannunka, ai da mun huta," in ji Kawu kullum.

"Gado ne, Kawu," sai ya ce, ya kauce wa ranƙwashi.

Ran nan da rana tsaka suna cire taya, jirgi ya saki bam tsakiyar tasha. Guntu ya farfaɗo bakinsa cike da ƙasa. Wani direba na gudu, wuta na cin bayansa. Ruwan bahon ya koma ja, ga hannun mutum a ciki.

Kawu na jingine da taya, ƙarfe ya huda masa ƙirji. Duk numfashin da ya ja sai ramin ya tsotsi iska, jini ya yi kumfa. Guntu ya san irin wannan kumfa. Ya yanko tib, ya manna a ramin, ya danne da tafin hannu.

"Ɗan banza, faci za ka yi min?"

"Yi shiru, Kawu, kana ɓarnar iska."

Wani ɗan dako ya tura su a amalanke har asibiti. A ƙofa sojoji suka ce nasu kaɗai ake shigarwa. Ɗaya ya daka wa Guntu tsawa ya ɗaga hannu a caje shi. Ya ƙi. Gindin bindiga ya sauka a bakinsa, haƙora biyu suka zube. Duka na biyu a kafaɗa, ƙashi ya ce ƙaras! Ya kife kan Kawu, amma hannun nan ko motsi. Sai da wata nas ta fito ta wanke sojojin tas da faɗa, ta ja amalanken ciki da kanta.

A gaban likita yatsun Guntu suka ƙi sakin ƙirjin, sai ɗaya-ɗaya aka ɓamɓare su.

Kafaɗar ta warke a karkace, har gobe Guntu ba ya iya ɗaga guduma sama da kansa. Kawu kuwa ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, kowa ya zo rumfa sai ya ɗage masa riga ya nuna tabon.