Katunan da Aka Ɗiba a Shingen Jibiya

Edita, ina gaisuwa. A shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa ƙasar nan, ni saurayi ne mai aiki a gidan rediyo, a sashen shirin manoma. Ɗan Jibiya ne ni. Mahaifina fataucin hatsi yake yi tsakanin kasuwarmu da Maraɗi, kuma a saman buhunansa na koyi hanyar kan iyaka tun ban iya karatu ba. A wurin aiki an hore ni in faɗi magana daidai, ba ƙari ba ragi, ni kuma ina ganin ba abin da zai wuce ta gabana ban lura da shi ba. Wata bazara ce ta nuna mini iyakata.

Bayan farin da ya ƙone gonaki ya kashe dabbobi, wani masanin aikin gona daga wajen Maraɗi, Bagobiri, wanda muke ce wa Dakta, ya ɗauki aikin gano irin geron da ya fi jure ƙarancin ruwa da lokacin da ya fi dacewa a shuka shi. Ya bi ƙauyuka a ɓangarorin biyu na iyaka, har Farfaru da Bugaje, gidajen Maguzawa da na Musulmi, yana tambayar kowa irin da ya shuka, da ruwan da ya shuka a kansa, da damin da ya ɗaure. Aka haɗa shi da ni a ɓangarenmu, ina bin sa da rikoda. Mun yi alkawari da manoman cewa duk abin da aka gano, za su ji shi a rediyo kafin su sa iri a ƙasa. Sai dai bayanan sun yi yawan da lissafin hannu ba zai gama da su ba ko da an shekara ana yi.

A lokacin akwai kwamfuta guda ɗaya a wata jami'a da ke kudu da mu, wadda a rediyo muke kira na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ta cika ɗaki guda, kuma ita kaɗai aka sa wa na'urar sanyi a duk ginin. Abin da har yau nake girmamawa shi ne dokar da aka ɗora ta a kai. Ba ta wani sashe ba ce. Likita da injiniya da ɗalibi duk layi ɗaya suke bi, har da masu bincike daga maƙwabtan ƙasashe irin Dakta, wanda in ba don haka ba sai dai ya aika da aikinsa ƙetaren teku ya jira. Shugabar ɗakin wata Bayarabiya ce da kowa ke ce wa Madam, ita ke raba lokaci. Namu ya faɗo dab da saukar damina, kuma ta gaya wa Dakta tun farko cewa in ya kuɓuce, babu wani gurbi sai bayan kaka. Na'urar ba ta karanta rubutu. Da kati ake yi mata magana, kati mai kauri da aka huda, kowane huji da ma'anarsa, a jere su a akwati ɗaya bayan ɗaya. A wani ofishin aikin gona a Maraɗi aka huda namu. Dakta ya riga ni tafiya don ya shirya da mutanen ɗakin, ya bar mini akwatunan in biyo shi da su.

Kan iyakar Jibiya a shekarun nan ba ta hutawa. Manyan motoci cike da siminti da atamfa da kekunan ɗinki suna fita, shanu da wake suna shigowa. Kuma akwai al'adar da duk ɗan wurin ya sani. In an buɗe kayanka, ma'aikaci yakan sa hannu ya ɗibi kaɗan, ya duba, ya ajiye a gefe. Ba a ɗaukar wannan a matsayin ƙwace, kuma ba a hanawa. Tun ina yaro na ga ana ɗibar gero daga buhun mahaifina yana murmushi, domin cikin hannu ba ya rage buhu. Babban jami'in kwastan da na tarar ran nan dattijo ne, abokin mahaifina, Baba nake ce masa. Ya buɗe akwati, ya zaro kati daga tsakiya, ya ɗaga shi sama yana kallon rana ta hujin, ya tambaye ni ko gara ce ta ci takardun gwamnati nake yawo da su. Na yi masa bayani da Hausar rediyo, dalla-dalla, har mutane suka taru. Ya ce lallai zamani ya zo, bari ya ɗan ɗiba ya nuna wa mutanensa. Ya tsinto kaɗan daga nan, kaɗan daga can. Na ce ranka ya daɗe, ai ba komai, akwatin cike yake. Na rufe, na shiga mota, ban ko sake tunawa da zancen ba.

Washegari da safe aka zuba katunanmu a bakin na'urar. Tana zuƙarsu da sauri kamar ana sheƙa hatsi, sai ta tsaya. Ta fitar da ɗan gajeren rubutu, wani ma'aikacin ɗakin ya miƙa wa Madam. Ita kuma ta karanta. Ta sa aka mayar da katunan akwati, ta kira mu mu duba samansu. Ashe masu wannan aiki, in sun gama jera kati, sukan ja layi a karkace da tawada a saman jerin, daga wannan kusurwa zuwa waccan, don in wani ya fita ko ya sauya wuri a gane. Na ga layin tun a Maraɗi, na zaci ƙazantar alƙalami ce. Yanzu ga shi ya kakkarye a wurare. Kowace gona katunanta a jere suke, in ɗaya ya ɓace na'urar ba za ta wuce ba. Madam ta tambaya ko an buɗe akwatin a hanya, na faɗi yadda aka yi. Dakta ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Abin da ya ce kawai shi ne takardun asali suna Maraɗi a ɗaure cikin buhuna, kuma kafin a tono waɗanda ake nema ruwa ya sauka. Na fi son ya zage ni. Ina tsaye ina tuna fuskokin mutanen Bugaje da na yi wa alkawari da bakina.

Madam ce ta fara magana. Kun san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa. Ta dubi Dakta ta ce da Hausarta mai daɗi, ai dama ta san Bagobiri ba zai kawo kaya cikakke ba, amma tunda bawanta ne ba za ta bari ya yi kuka a ɗakinta ba. Shi kuma, duk da halin da yake ciki, ya ce uwargijiyar da ba ta ciyar da bawa ai ba ta da bakin magana. Ta fita zuwa bencin da masu jiran layi suke zaune, kowa da akwatinsa a cinya, ta gaya musu abin da ya faru ba tare da ta nuna ni ba. Ta ce ita ba ta da ikon ɗauke lokacin kowa, sai wanda ya bayar da kansa. Wani likita mai binciken sanƙarau, wanda nasa lokacin ke tafe a cikin makon, ya tambaya ko aikin gero ne. Aka ce masa i. Ya ce yaran da yake dubawa yunwa ce ke fara kayar da su kafin ciwo, don haka a ba mu nasa, shi ya koma baya. Wani injiniya mai lissafin madatsar ruwa ya ce zai rage nasa don a samar wa likitan wuri. Wani ɗalibi ya ce shi ma, ko da yake nasa ɗan kaɗan ne. Madam ta goge allo ta sake rubutawa, ta juyo ta ce mini in tafi in dawo mata da katunanta.

Na iske Baba a shinge yana sallamar wata motar shanu. Da na gaya masa, dariya ya fara yi, ya ce duk tulin katin nan a ce 'yan waɗanda ya ɗiba ne suka tsayar da na'urar gwamnati. Na ce masa kowane kati bayanin gonar mutum ne, kuma a cikin waɗanda ya ɗiba wataƙila har da ta surukinsa na Farfaru. Nan dariyar ta tsaya. Ya cire hularsa ta aiki, ya zaro kati guda daga ciki, ashe ya sa shi ne don hular ta tsaya. Biyu suna aljihun tebur. Ɗaya yana wurin mai shayi, yana rufe kofi da shi saboda ƙuda, kuma sai da ya yi gardama cewa kyauta aka ba shi, Baba ya ce to an fasa kyautar. Wani katin kuma wata mai ƙosai ce ta naɗe shi tana kwasar yaji, ya jiƙe da mai. Muka ƙirga da guraben da Madam ta nuna mini, saura ɗaya. Sai Baba ya tuna ya aika da shi ga takwaransa na duwan, wato kwastan na ɓangaren Nijar, don ya nuna masa abin da Nijeriya ta kai. Ya bar shingen a hannun mataimakinsa, ya hau babur da tsakar rana, dattijo da shi, ya tafi da kansa. Ya dawo da gumi sharkaf, ya ce mutumin ya manna katin a bango kusa da kalanda, kuma ya ce a gaya wa 'yan Nijeriya na'urarsu ba ta da haƙuri.

Katunan da suka lanƙwashe da wanda ya sha mai ba za su shiga na'ura ba. 'Yan matan da ke aikin huda kati suka ɗaga su ga fitila, suka karanta hujin da ido, suka huda sababbi. Madam ta mayar da kowanne gurbinsa har layin tawada ya koma miƙaƙƙe. A lokacin likitan aka yi aikinmu, kuma na'urar ta zuƙe katunan har na ƙarshe. Dakta ya zauna a kan takardun da ta fitar, ya mayar mini da su magana mai sauƙi a kan irin da ya fi jurewa da ruwan da ya kamata a jira. Na karanta a shirin manoma kafin hadarin farko ya haɗu. Ba zan ce shirin ne ya cika rumbunan shekarar ba, ruwa na Allah ne. Amma an cika alkawari. Daga baya mahaifina ya gaya mini cewa Baba ya sauya hali, in an buɗe masa kaya sai ya tambaya ko irin wanda ake ɗiba ne kafin ya sa hannu.

Na tsufa yanzu, kuma ina jin jikokina suna cewa manyan kwamfutocin da masu bincike ke rabawa a yau daga nesa ake aika musu aiki, ba akwati ba shinge. Amma na tabbata har yanzu akwai layi, kuma akwai mai jira a bayan kowa. Ga matasa masu wannan aiki da masu taya su, in aka ba ku kaya ku kai, ku tambayi abin da kuka ɗauka har ku fahimta, kada ku auna shi da kayan da kuka saba. Ni na iya bayanin katin nan a gaban jama'a, amma ban san cewa ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya ba. Kuma ku sani in kuka yi sakaci da abin da jama'a ke rabawa, wani ne zai biya da nasa lokacin. Nawa sakacin likitan nan ne ya ɗauke shi, aikinsa ya yi jinkiri saboda ni, bai ko ɗaga kai ya ga wanda ya jawo masa ba. Ban tambayi sunansa ba ran nan don kunya, kuma ban sake ganinsa ba. Idan yana raye ya karanta wannan, ya sani gero ya tsira.